Sawun Inna a Kan Tayil

Kwaɗon ya ƙi buɗuwa. Attahiru ya murɗa makulli dama, ya murɗa hagu, ya ƙwanƙwasa shi da gindin cokalin gini, kwaɗo dai ya yi kunnen uwar shegu. Wata bakwai rabon da a taɓa shi, ga ruwan damina ya dake shi har tsatsa ta cika masa baki. Can ƙasan ransa Attahiru ya ji daɗi. In ya ƙi, shi ke nan, sai ya hau babur ɗinsa ya koma Tambuwal ya ce ai ya gwada.

"Ɗiga mai man gyaɗa mana," in ji Goggo Mardiya daga gindin dogonyaro, inda take zaune tana tsintar wake a faifai. Ƙanwar mahaifinsu ce, tsohuwa mai kaifin ido da kaifin baki, wadda ta tare a gidan nan na Kebbe tun bayan rasuwar Inna don kada a bar ƙanwarsa Rukayya ita kaɗai. "Ɗakin uwarka na, ba ɗakin iskoki ba. Mi kake jin tsoro?"

Ya karɓi man ya ɗiga. Kwaɗo ya buɗe tun kafin ya gama murɗawa.

"Ina Rukayya?" ya tambaya, bai juyo ba.

"Ta tafi kasuwa sayen labule, ta ce sai azahar." Goggo ta ajiye faifai a cinya. "Atu, in ta dawo ka dubi ƙanwarka da kyau. Mace ta koma kamar sillen kara. Tuwo loma biyu, ta ture kwano. Na yi faɗa, na yi lallashi, duk a banza. Magana guda ta riƙe, wai da ba ta tafi bikin suna a Jabo ba ran nan, da Inna ta samu wanda za ta faɗa ma abin da ke damunta. Na ce ke wa ta da za ki tare mutuwa? Kwana in ya ƙare ya ƙare. Ina! Ba ta ji."

"Allah shi kyauta," ya ce.

Ya kwanto jakar kayan aiki daga bayan babur, da jarkar asid ɗin da ya sayo da safe wurin Lauwali mai kayan gini a Tambuwal. Ya ɗebo ruwa bokiti biyu. Ya shiga, ya tura ƙofa, ya saka sakata.

Ba don dole ba da bai zo ba. Ruwan daren Talata ya karya azarar ɗakin Rukayya, bango ya tsage har ana hango rana. Tun da aurenta ya mutu shekara shida da suka wuce a ɗakin nan take, yanzu kuma ba shi zaunuwa. Sau uku ta kira shi a waya ta ce ya zo ya buɗe ɗakin Inna, ya ƙarasa aikin tayil ɗin da ya bari, ta koma ciki. Makulli yana hannunsa tun ranar da abin ya faru, kuma kullum yana da uzuri. Wannan karon uzuri ya ƙare.

Ya buɗe taga haske ya shigo. Komai yana nan yadda ya bar shi. Ga bokitin da ya kwaɓa farin siminti a ciki, ya sandare ya zama dutse, soso ya maƙale a tsakiyarsa. Ga ƙuryar da yake durƙushe ran nan, rabi a goge rabi da ɓawon siminti. Ga layi biyu na bakin ƙofa, fari fat, ba a ganin launin tayil ɗin ƙasa. Bai dubi tsakiyar ɗakin ba. Ya bi ta jikin bango ya wuce ƙurya, kamar mai kewaye kabari.

Shekara goma sha tara yana saka tayil, ya yi gidajen alhazai a Tambuwal da Dogon Daji, ya yi masallatai, amma uwarsa tana kwana a daɓen ƙasa. Abin ya tsaya masa a rai. Shekara biyu yana tara ragowar tayil daga wuraren aiki, in mai gida ya ce ya ɗauka, har ya samu na gefe da gefe. Na tsakiya kuwa saye ya yi, shuɗi mai walƙiya, mai araha dai amma yana ɗaukar ido. Ya so Inna ta shimfiɗa sallayarta a kai.

Ya jiƙa buhu ya shimfiɗa a ƙuryar don simintin ya sha ruwa. Da ya ɗan jima ya yaye, ya karkatar da reza ya fara kankara. Aikin yana son haƙuri. In ka miƙar da reza za ta karce fuskar tayil, in ka kwantar da ita da yawa sai ta yi ta zamewa. Ƙarr, ƙarr, ƙarr. Siminti yana tashi gari-gari, yana sharewa da soson buhu, inda ya bar dusu-dusu ya matsa lemun tsami ya goge. Abin da soso da ruwa za su ɗauke cikin minti biyu ran nan, yau sai ya ci rabin sa'a.

Duk mai wannan sana'a ya san dokar. In ka shafa farin siminti don cike tsakanin tayil, ka ba shi ɗan lokaci ya sha iska, ka bi shi da soso. Ka makara, ya kama. Shi Attahiru ya fi kowa riƙe dokar nan, har abokan aiki suna masa tsiya da ita. Ko waya ba ya ɗauka in yana guga. Kullum maganarsa, siminti ba ya jiran kowa.

Ƙarr, ƙarr, ƙarr. Can sai ya tsaya, ya kasa kunne. Ba kowa, Goggo ce take korar akuya. Ya ci gaba. Amma ƙarar rezar ta riga ta koma masa wani abu dabam, ta koma suna. At-ta-hi-ru. Haka dai aka faɗe shi ran nan, a rarrabe, a hankali.

Shi ɗan fari ne, Inna kuwa ta ɗauki kunyar ɗan fari irin ta mutanen da, wadda ba ta da rangwame. Ana yaye shi kakarsa ta ɗauke shi. Shekara arba'in da ɗaya a duniya, bai taɓa jin sunansa a bakin uwarsa ba. "Wancan" take ce masa. In ya zo gaishe ta zai durƙusa a bakin ƙofa, ta kau da kai ta amsa kamar da bango take magana. In ta gama abinci, ko yana zaune taku biyu daga inda take, sai ta ɗaga murya: "Rukayya, ki ce ma wancan tuwonshi na kan turmi." Akwai ɗan maƙwabta da aka raɗa wa Attahiru, har ya yi gemu Inna ba ta san shi da wani suna ba sai "mai sunan wancan". Bai taɓa jin haushi ba, don ya san inda soyayyar take ɓuya. Tana ƙarƙashin malmalar tuwo, inda kullum yake tarar da tsokar da ta fi kowace girma.

Ran nan Alhamis ce, da hantsi. Rukayya ta bi mota tun sassafe zuwa suna a Jabo, Inna da kanta ta ce ta je. Gida daga shi sai Inna. Ya goge tsakiyar ɗaki fes, ya shafe layin bakin ƙofa yana jira ya sha iska, ya koma ƙurya ya durƙusa yana guga, bayansa ga ƙofa. Sai ya ji motsi. Sai ya ji numfashi a bayansa.

"Attahiru."

Wallahi bai lura ba. Abin da ya fi ci masa rai ke nan. Kunnensa ya ji, amma idonsa ya riga ya faɗa kan farin sawun da ta jera masa a kan shuɗin tayil. Ko fuskarta bai ɗaga kai ya duba ba.

"Haba Inna! Ba ki ga siminti ba? Dubi yadda kika ɓata min aiki. Don Allah fita, ki jira in gama."

Sannan ta ce, "To."

Ya ji ta juya, ya ji tana fita. Ya ce a ransa bari ya ƙarasa ƙuryar nan ya zo ya goge ɓarnar. Bai ƙarasa ba ya ji ƙarar kwanon sha ya faɗi a gindin randa. Ya tarar da ita kwance, baki ya karkace, ido a buɗe tana kallonsa. Ba ta ƙara magana ba. Kwana biyu ta yi a asibiti a Tambuwal ta cika.

A asibitin ne likita ya tambaye shi, a gaban Rukayya da ta iso afujajan da lalle a hannu, ko tsohuwa ta yi kukan wani abu kafin ta faɗi, nauyin ƙafa, ko nauyin harshe, ko ciwon kai. Attahiru ya ce a'a. Bai shirya ƙaryar ba, fitowa kawai ta yi. Rukayya ta ɗora hannu a ka ta ce, "Ai ba ta faɗa mai. Ni take faɗa ma komai. Ni kuwa na tafi cin shinkafar suna na bar ta da wanda ba ta iya ma magana." Ya ji ta sarai. Bai gyara mata ba. Ran sadakar uku ya so ya faɗa, ran arba'in ya so ya faɗa, sai ya riƙa ce wa kansa ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Kullum da ya wuce maganar ta ƙara tauri.

Wajen ƙarfe goma sha ɗaya ya gama ƙurya. Ya kewaya ta jikin bango ya koma bakin ƙofa, ya jiƙa, ya kankare, ya goge. Gwiwoyinsa suka yi tsami, reza uku ta dakushe. Da ya gama layi na biyu babu sauran inda zai ɓuya. Ya juyo, ya duba.

Taku biyar ne. Na dama ya fito sarai, ƙaramar ƙafa mai faɗin gaba, ga yatsu biyar, ga babban yatsan da ya ɗan karkace, har faso na dunduniya ya fito layi-layi. Na hagu kuwa ba sawu ba ne. Jan ƙafa ne, dogon shafe daga wannan taku zuwa wancan. A taku na biyar akwai ɗan kewaye inda ta juya. Ya auna da ido. Tsakanin inda ta tsaya da inda yake durƙushe bai kai kamu uku ba.

Ta ja ƙafar da ta mutu ta ƙetare tsakar gida, ta hau dokin ƙofa, ta karya kunyar shekara arba'in da ɗaya da harshen da ya yi nauyi. Shi kuma ya ce ta jira.

Ya durƙusa ya kai reza kan babban yatsan. Ya janye ta. Ya sake gwadawa ta dunduniya. Ina, ba zai iya ba. Ji ya yi kamar fatar zai yanka. Ya zauna dirshan, gumi yana ɗiga daga haɓarsa, yana ta maimaita innalillahi.

"Salamu alaikum. Goggo, Yaya ya iso? Na ga babur."

Muryar Rukayya ce a tsakar gida, ga azahar da saura. Attahiru ya zabura ya miƙe. In ta ga wannan jan ƙafar ba ta bukatar mai fassara, ita da ta san tafiyar Inna fiye da tata. Ya fizgo jarkar asid. Da safen nan Lauwali ya ja masa kunne, duk da ya san ba baƙon aiki ba ne: "Gwangwani ɗaya na asid, biyar na ruwa, kuma kada ka bar shi shi kwanta. Shuɗin nan mai araha ba shi ɗaukar wasa." Shi kansa ya sha faɗa wa wasu haka. Ya cire murfi, ya kau da kai, ya tuttula shi tsagwaronsa daga taku na farko har na biyar.

Ƙasa ta ɗauki tsuwa, kumfa ya taso fari, wani wari mai yanka maƙogwaro ya cika ɗaki. Aka ƙwanƙwasa ƙofa.

"Yaya, sannu da aiki. Buɗe in kama maka."

"Kada ki shigo, akwai asid." Tari ya sarƙe shi. "Ki jira in gama."

Ta daina ƙwanƙwasawa. Sannan ta ce, "To."

Jarka ta suɓuce daga hannunsa. Muryar ce sak, har yadda ake sauke ta a hankali don kada a dami mai aiki. Ya ji takun ƙanwarsa yana nisa, ya tsinci kansa yana kasa kunne, yana jiran ƙarar kwanon sha. Bai san tsawon lokacin da ya ɗauka a tsaye ba. Idanunsa suna zubar da ruwa, ko na asid ko na me, shi ma bai sani ba. Sai da kumfa ya kwanta, tsuwa ta yi shiru, sannan ya tuna akwai abu a ƙasa yana ci.

Ya kwara bokiti guda, ya kwara na biyu, ya kore ruwan da tsintsiya ta ƙarƙashin ƙofa. Ya bi da buhu ya tsane. Siminti ya tafi ƙarƙaf, ko ɗigo babu. Ya sauke ajiyar zuciya, ya jingina da bango yana jiran ƙasa ta bushe.

Tana bushewa abin ya fito. Asid ya cinye walƙiyar tayil ko'ina, shuɗin ya koma dusu-dusu kamar tsohon zane, sai inda siminti ya rufe ya kare shi. Nan walƙiyar tana nan sabuwa fil. Taku biyar, da yatsunsu, da jan ƙafar hagu, da kewayen da ta juya, suna sheƙi a hasken taga, sun fi yadda suke da fitowa. Garin neman gira an rasa ido. Ya murza da tafin hannu, ya murza da gefen rigarsa. Babu abin gogewa, don yanzu ba a kan tayil sawun yake ba, tayil ɗin ne kansa.

Akwai sauran dabara, ya san ta. Guduma da kurfi suna cikin jaka. Ya fasa guda takwas ɗin tsakiya, ya ce asid ne ya ɓata su, gobe ya kawo wasu. Minti goma ya isa. Har ya sa hannu a jaka ya taɓa ƙotar guduma. Ta taga ya hango Rukayya zaune a kan turmi, sabon labule a ninke a cinyarta, wuyanta ya yi tsawo, tana kallon gindin randa. Goggo ta miƙa mata ƙwaryar fura, ta girgiza kai.

Ya zare hannu. Ya je ya zare sakata.

"Rukayya. Taho."

Ta taso da labulenta. Ta tuɓe takalmi a bakin ƙofa, ta toshe hanci da gefen mayafi, ta fara cewa, "Kai, Yaya, wanga wari…" Maganar ta tsaya. Ta daɗe tana kallon ƙasa. Ta ajiye labule, ta tsuguna, ta ɗora tafin hannunta a kan taku na farko. Ta bi jan ƙafar da yatsa har ƙarshensa. Ya ga leɓɓanta suna ƙirga.

"Inna ta shigo nan."

"Ta shigo."

"Ran nan?"

"Ran nan. Kafin ta faɗi."

"Kana ina?"

Ya nuna ƙurya. Ta dubi ƙuryar, ta dubi taku na biyar, ta dubi ɗan tsakanin da ya rage.

"Ta yi magana?"

"Ta kira sunana."

Rukayya ta ɗago da sauri. "Sunanka? Inna?"

"Attahiru ta ce. Da bakinta."

"Kai kuma mi ka ce?"

Ya faɗa mata. Bai rage ko kalma ba, har da "kika ɓata min aiki", har da "ki jira in gama", har da "to" ɗin da Inna ta amsa. Ya ce bai ɗaga kai ya dubi fuskarta ba. Ya ce ba rashin wanda za ta faɗa wa ba ne, ta samu, ta zo har inda yake, shi ne bai saurara ba. Ya ce, "Ba ki da laifi, Rukayya. Ba ki taɓa yin laifi ba."

Ya zaci za ta yi kuka, ko ta zage shi, ya ma fi son ta zage shi. Ba ta yi ko ɗaya ba. Hannunta yana kan sawun, tana shafa shi a hankali kamar yadda take shafa wa Inna man zafi da dare.

"Wata bakwai, Yaya," ta ce. "Kana kallona."

Can ya ce, "In kina so in fasa su in sa wasu. Gobe-goben nan."

Ta miƙe, ta ɗauki labulenta, ta sa takalmi ta fita ba ta dube shi ba. Ya tsaya a tsakiyar ɗaki yana jin ladan ya fara kiran azahar. Ta taga ya ga ta zauna kan kujera kusa da Goggo, ta jawo ƙwaryar furar da ta ƙi ɗazu, ta kafa kai. Sai da ta ga gindin ƙwarya ta sauke. Goggo ta saki baki tana kallonta.

Rukayya ta goge baki da bayan hannu. Ta shiga madafa, ta fito da kwano a rufe ta ɗora a kan turmi. Attahiru yana tsaye a bakin ƙofa, bai fi taku biyu daga inda take ba. Ta kau da kai, ta dubi bango, ta ɗaga murya.

"Goggo, ki ce ma wancan shi bar tayil ɗin yadda yake. Ki ce mai tuwonshi na kan turmi."